Asibiti, malami ko zaman sulhu: ina wanda na gida suka cutar zai nufa a Zamfara?

A Zamfara yanzu, da an ce wane yana fama da firgici sai hankalin kowa ya tafi daji: ɗauke shi aka yi, ko kashe wani nasa aka yi a gabansa? Wannan ciwon kowa ya san shi, kuma ana tausaya wa mai shi. Akwai wani da ya girme shi, wanda ba a zuwa jaje a kansa, domin wanda ya jawo shi ɗan gida ne. Yarinyar da aka kai riƙo ta tashi cikin duka da horon yunwa. Yaron da matar uba ta mayar bawa, uban na gani yana kau da kai. Matar da mijinta ya shekara goma yana zagi a gaban 'ya'yanta, idan ta kai ƙara gida a ce ta koma ɗakinta. Wadda wani makusanci ya lalata tana ƙarama, aka binne maganar don kada sunan gida ya ɓaci. Duk sun girma, wasu har da jikoki, amma abin bai sake su ba.

Yawancinsu ba sa zuwa asibiti da wannan labari. Da ciwon kai suke zuwa, ko nauyin ƙirji, ko faɗuwar gaba, ko rashin barci, a yi ta ba su maganin taifot da na olsa shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, ta ware wa wannan yanayi gurbi na kansa, da sunan da a Turance ake kira Complex PTSD, wato firgicin da doguwar cutarwa ke bari. Alamominsa shida ne. Uku na farko irin na duk wanda ya ga tashin hankali ne: abin ya riƙa dawowa a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, mutum ya riƙa guje wa duk abin da ke tuna masa, kuma ya zauna kullum a tsorace, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Sauran ukun su ne tambarin cutarwar da ta daɗe a hannun na kusa: zuciya ta ƙi saituwa, ko dai fushi ya tashi kan abu kaɗan ko mutum ya daskare ya daina jin komai, mutum ya ɗauki kansa banza, mai laifi, abin kunya, sannan zama da mutane ya gagara, ko ya ƙi yarda da kowa ko ya manne wa wanda zai sake cutar da shi.

Wanda ya gane kansa a nan, ko ya gane wata 'yar'uwarsa, hanyoyi shida ne a gabansa, kuma dangi za su ja shi kowanne ta nasa ɓangaren.

Ma'aunin da za a ɗora kowace hanya a kai

Abu na farko, wanda ya fi sauran nauyi: cutarwar ta tsaya ko tana nan? Likitar nan ta Amurka, Judith Herman, wadda ta fara zayyana wannan yanayi a 1992, ta kasa warkewa mataki uku: a sami aminci tukuna, sannan a fuskanci abin da ya wuce a yi juyayinsa, sannan a koma cikin jama'a. Ba a tsallake na farko. Matar da aka daka jiya kuma za a sake gobe, tsoronta ba cuta ba ne, karatun gaskiya ne jikinta yake yi, kuma babu ƙwayar da za ta cire shi.

Na biyu shi ne iko. Wanda ya ji wannan rauni ya ji shi ne a hannun wani mai iko a kansa, wanda ya hana shi cewa a'a. Saboda haka duk maganin da za a yi masa ta hanyar dannewa, ko yaudara, ko tsawa, ko yanke hukunci a bayan idonsa, maimaita ciwon ne da sabon suna. A ganina wannan ma'auni kaɗai ya isa ya fitar da wasu masu magani daga lissafi, ko farar riga suka saka ko rawani.

Na uku sirri. Gusau ma gari ne da kowa ya san gidan kowa, balle Anka ko Talata Mafara ko Kaura Namoda. Da zarar an laƙaba wa mace "mai taɓin hankali", maganar tana iya taɓa aurenta, da auren 'ya'yanta, da riƙon yaranta idan an rabu. Sauran ma'aunan sanannu ne: kuɗi, sauƙin kaiwa, ɗorewar amfanin bayan an daina, da haɗarin da ke ciki.

Asibiti da magani

A Gusau ana fara yankar kati ne a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, likita ya duba, ya tura mutum sashen da ya dace ko ya rubuta masa takardar zuwa gaba. Gaban kuwa, ga yawancin Zamfarawa, Sakkwato ce: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mutanen Tsafe da kewaye wani lokaci Zariya ta fi musu, wato asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Babban amfanin likita shi ne rarrabewa. Suman nan farfaɗiya ce ko ɗaukewar hankali irin ta firgici? Bugun zuciyar na tsoro ne ko na hawan jini ko maƙoƙo? Akwai ciwon damuwa mai tsanani a kai? Mutum yana tunanin kashe kansa? Babu wata hanya cikin sauran biyar da za ta iya amsa waɗannan.

Magungunan da ake bayarwa na damuwa ne, irin su sataralin da fulokzetin, ko tsohon nan amitiriftilin wanda ya fi araha nesa ba kusa ba kuma ana samunsa ko'ina. Ba sa aiki nan take. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ji canji, kuma a nan ne mutane da yawa ke yar da su a ce ba su karɓe su ba. Idan sun karɓa, akan ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sau da yawa shekara guda, kuma ba a yanke su rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Amitiriftilin yana busar da baki, yana saka barci da taurin bayan gida, kuma shan sa da yawa lokaci guda yana kisa, don haka wanda zuciyarsa ke raya masa mutuwa bai kamata kwalin wata guda ya kwana ƙarƙashin matashinsa ba, a damƙa wa wani amintacce. Sababbin kuwa sukan kawo tashin zuciya a kwanakin farko, wasu kuma su rage sha'awa, abin da ma'aurata ke jin kunyar faɗa wa likita alhali yana iya sauya maganin. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta. Sau ɗaya a rana ake shan yawancinsu, saboda haka azumi ba dalilin dainawa ba ne, a tambayi likita ya mayar da lokacin dare.

Kuɗin kati ba shi ne matsalar ba, hanya ce. Daga Gusau zuwa Sakkwato ya haura kilomita 200, ta Bungudu da Maru da Mafara da Tureta, hanyar da mai hankali ba ya bi sai da rana tsaka. Mace kuma sai da mai rakiya, kuɗin mota ya ninka, ga kwana, ga abinci. Dabara ita ce a roƙi likita ya tsawaita tazarar dawowa idan jiki ya daidaita, a riƙa sayen maganin a Gusau da takardarsa. Kada kuma a yi tsammanin doguwar hira: likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, layi dogo ne, mintunan kowa ƙidayayyu ne. Ta fuskar haƙƙi an sami ci gaba, domin a Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba majinyaci haƙƙin sirri da na sanin abin da za a yi masa.

Iyakar magani a fili take. Yana dawo da barci, yana rage firgici, yana ɗaga mutum daga kwance. Ba ya koya wa kowa yadda zai sake yarda da mutane, ba ya cire "ni na ja wa kaina" daga zuciya, kuma idan shi kaɗai aka dogara da shi alamomin sukan dawo bayan an daina.

Kemis kuwa ba hanya ta bakwai ba ce, rami ne. Dayazifam da ake kira D5, da tiramol, da ruwan kodin da gwamnati ta haramta a 2018, duk suna kwantar da zuciya na dare ɗaya sannan su kama mutum. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi ma'aikatan lafiya kan bai wa wanda ya shiga tashin hankali irin su dayazifam don firgici ko rashin barci. Maza sun fi faɗawa nan, domin namijin da uba ko maigida ya gallaza wa yana yaro ba shi da inda zai kai kuka, sai majalisa da ƙwaya.

Zaman tattaunawa da ƙwararre

Wannan ita ce hanyar da bincike ya fi goya wa baya, kuma ita ce mafi wuyar samu a Zamfara. Ba nasiha ba ce, ba kuma hira ba ce. Aiki ne mai tsari da masanin halayyar ɗan'adam na asibiti yake yi, yawanci zama takwas zuwa goma sha biyu, mako-mako, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma wanda cutarwarsa ta ɗauki shekaru yakan buƙaci fiye da haka.

Salo biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su tun 2013. Na farko, wanda ake kira CBT, yana bin tunanin da raunin ya dasa ne yana tone shi ɗaya bayan ɗaya. Mace ta ce ita ta jawo abin da aka yi mata tana shekara tara, da ba ta shiga ɗakin ba da bai faru ba. Ƙwararriyar ba za ta ce mata "daina faɗin haka" ba. Sai ta tambaye ta:

"Malama, 'yarki ta biyu shekarunta nawa?"

"Tara."

"Da yau wani babba zai kira ta ɗaki ta je, ya yi mata abin da aka yi miki, za ki ce ita ta ja?"

Sai a yi shiru, a bar ta da tambayar. Amsar da ta fito daga bakinta ta fi zama a zuciya fiye da wadda aka ɗura mata. Salo na biyu, EMDR, wanda Francine Shapiro ta ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1980, mutum yana riƙe abin a ransa ne yana bin yatsan mai magani da ido hagu da dama, kuma yana da wani amfani ga mai kunya: ba sai an zayyana komai da baki dalla-dalla ba. Akwai na uku da masu bincike na Jamus suka gwada tsakanin 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda, wanda nake ganin ya fi dacewa da mutanenmu. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum tun daga haihuwa, ya ɗora dutse a duk inda aka cutar da shi, fure a duk inda ya ji daɗi, a bar ragowar igiyar a naɗe don shekarun da ke gaba. Daga nan a riƙa bin duwatsun ɗaya-ɗaya har labarin ya zama labari mai farko da ƙarshe. Ba ya buƙatar karatun boko, kuma an yi shi ne don wanda duwatsunsa suke da yawa.

Ɗorewa ita ce ƙarfin wannan hanya, domin abin da aka koya yana nan bayan an gama. Haɗarinta biyu ne. Na farko, a makonnin da aka fara taɓo abin mafarkai sukan ƙaru kafin su ragu, kuma ƙwararre na gari yakan faɗi haka tun farko, ya koya wa mutum dabarun saita numfashi da dawo da hankali kafin ya buɗe komai. Na biyu, masu kiran kansu masu ba da shawara sun cika Facebook da TikTok, ba horo ba lasisi. Wanda ya matsa a zaman farko sai an faɗa masa komai, ko ya fara da "ki yafe", ko ya nemi kiran mijin ba da izini ba, a tashi a bar shi. Halas ne a tambayi mai magani inda ya yi karatu, da salon da yake bi, da wanda zai iya ganin abin da yake rubutawa. Halas ne mace ta ce mace take so. Kuma zaman ya kasance da Hausa kai tsaye, domin idan ƙanen miji ne tafinta an gama magana.

Su waɗannan ƙwararru a manyan asibitoci suke, galibi Sakkwato da Zariya da Kaduna da Kano. Zuwa kowane mako daga Anka ko Ɗansadau ba abu ne mai yiwuwa ba. Mai dangi a Sakkwato zai iya zama can wata biyu ko uku. Wani kuma ya yi zaman farko ido da ido, sauran ya roƙa a haɗa da waya.

Ta waya ko intanet

Ƙungiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa irin su MANI da She Writes Woman, dukansu an kafa su a 2016, suna sauraron mutane daga nesa, akwai kuma ƙwararru masu zaman kansu a Abuja da Kano da ke karɓar kuɗi kan kowane zama, su ne mafi tsada a wannan jeri. Babu kuɗin mota, babu wanda zai gan ka a ƙofar asibiti. Amma da yawansu da Turanci suke aiki, sai an nemi mai Hausa musamman. Wayar da miji ke bincikawa kowane dare ba wurin sirri ba ce. Sabis kuma a Zamfara ba abin dogaro ba ne, waɗanda suka ga Satumban 2021 lokacin da aka katse layukan jihar gaba ɗaya na makonni ba sa buƙatar bayani. Ya dace da ma'aikaciya ko ɗalibin jami'ar Gusau ko kwalejin Kaura mai wayarsa da ɗakinsa. Bai dace da wanda ke tunanin kashe kansa ba.

Malami da ruƙiya

Nan ne kusan kowa ke fara zuwa, kuma ba don jahilci ba. Malami yana kusa, ba a yanka kati, zuwa wurinsa ba abin kunya ba ne, kuma yana amsa tambayar da likita ba ya taɓawa: me ya sa ni, kuma Allah yana fushi da ni ne? Malamin da ya saurara har ƙarshe, ya ce wa mace abin da aka yi mata zalunci ne ba ƙaddarar da za ta rungume hannu a kai ba, ya karanta mata aya ta 148 ta Suratun Nisa'i inda Allah Ya yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa, ya ba ta azkar na safe da yamma, sannan ya tuna mata hadisin Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta don haka ta je asibiti, wannan malami ya yi rabin aikin. Ya cire mata kunya, kuma da harshen da ta fi yarda da shi.

Matsalar tana wurin wani nau'in. Wanda aka daɗe ana cutarwa yakan sami ɗaukewar hankali: ya sandare, ko ya faɗi, ko murya ta canza, ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. A gida sai a ce iska ce. Ba ina musun samuwar aljanu ba ne, amma ya kamata a lura da lokacin da abin ke tashi. Idan mace ba ta faɗuwa sai ta ji ƙarar babur ɗin mijinta a ƙofar gida, tambayar farko ba sunan aljanin ba ce. Kuma a duba wanda ke cin ribar wannan fassara: da zarar an ce aljani ne, laifi ya tashi daga kan wanda ke zaune a tsakar gida ya koma kan wanda ba a gani, sai ga mai dukan shi ne ma ke biyan kuɗin turare.

Ruƙiyar da ta tsaya ga karatu da addu'a, a gaban muharrami, da yardar mai ita, ba ta da haɗari kuma tana sanyaya zuciya. Wadda ta haɗa da bulala, ko shaƙe wuya, ko tura hayaƙi a hanci, ko maza huɗu su danne mace, ko keɓewa da ita a ɗaki, ta faɗi a ma'auni na biyu warwas. Kuɗinta ma ba shi da iyaka, yau zuma da habbatus sauda, gobe rago. Mafi muni shi ne gidan mari. A 2019 'yan sanda sun buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da kuɗinsu. Kirista ma wannan ma'aunin zai ɗora fasto a kai: wanda ke saurare ya tura asibiti daban, wanda ke ɗaure mutum da azumin dole daban.

Sulhun dangi, Hisba da kotu

Wannan ba maganin rauni ba ne, hanyar tsayar da mai yin raunin ce, kuma rikita biyun yana jawo ɓarna. Sulhu yana da asali, aya ta 35 ta Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da danginta. Amma kowa ya san yadda zaman yakan kaya. An shimfiɗa tabarma a zaure, Kawu na gefe, mijin ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ita tana bayan ƙofa. Kafin ta kai rabin magana Gwaggo ta katse ta: "Ke ɗiyag ga, mi kike so a yi miki? Kowace macce da kika gani haƙuri takai. Tashi ki ba mijinki haƙuri." A yi fatiha, a watse. An kashe rigima, ita kuma ta koyi cewa ko ta yi magana ba mai ji. Saɓani tsakanin mutum biyu masu ƙarfi ɗaya sulhu yana gyara shi. Inda ɗaya ke tsoron ɗaya, zaunar da su wuri guda yakan sa ta biya kuɗin abin da ta faɗa idan an koma gida.

Idan dangi sun gaza, Zamfara ce jihar da ta fara dawo da shari'ar Musulunci, aka ƙaddamar a 1999 ta fara aiki a Janairun 2000, kuma tana da Hisba da kotunan shari'a a ƙananan hukumomi. A mazhabar Malikiyya alƙali yana da ikon raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata, ba tare da mace ta mayar da sadaki ba. Akwai kuma khul'i, wanda asalinsa matar Sabit bin Ƙais ce da ta mayar da gonar da aka ba ta a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Takardar asibiti ta ranar da aka ji rauni da shaidar maƙwabta suna da nauyi a nan. Marar kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Sirri kam babu, kotu fili ce. Kuma lokacin da mace ke shirin fita shi ne mafi haɗari a zama da mai duka, don haka a san gidan da za a sauka kafin a shigar da ƙara.

Ga wanda iyaye ko mariƙa suka cutar tun yana yaro, kotu ba ta cika shigowa ba. Tambayarsa ita ce yadda zai sauke haƙƙin zumunci ba tare da ya koma ƙarƙashin hannun da ya karya shi ba. Gaisuwa da aike daga nesa zumunci ne. Yafiya kuma tasa ce, ya bayar ranar da ya iya, ba sharaɗin warkewa ba ce da za a karɓa a gaban taro.

Mataimaki mai horo da rukunin mata

Saboda ƙarancin ƙwararru, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016, zama biyar, wanda mutumin gari da aka horar zai iya gudanarwa, kuma an gwada shi a Nairobi tsakanin matan da aka ci zarafinsu ya rage musu damuwa. A Zimbabuwe tun 2006 tsofaffin mata ke irin wannan aiki a kan benci a harabar asibiti. A Zamfara irin wannan taimako yakan zo ne ta ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira da asibitoci, kyauta ne, amma yana ƙarewa ranar da shirin ya ƙare. Yana koyar da sarrafa damuwa da warware matsalar yau, ba ya tono tsohon rauni. Ajin Islamiyya da 'yan adashi suna fitar da mace daga kaɗaici, wanda babban abu ne, amma ba wurin buɗe ciki ba ne.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙin samu | Sirri | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Asibiti da magani | Matsakaici, hanya ce ke ci | Gusau da sauƙi, ƙauye da wuya | Mai kyau | Yakan dawo in an daina | Yanke magani, shan da yawa |
| Zama da ƙwararre | Mai yawa in an haɗa da tafiya | Mafi wuya | Mai kyau | Mafi ɗorewa | Marar horo, gaggawar tono |
| Ta waya | Daga kyauta zuwa mafi tsada | Sai da sabis da ɗaki | Ya danganta da wayar | Mai kyau in ƙwararre ne | A kama wayar |
| Malami | Kaɗan, ko marar iyaka | Mafi sauƙi | Ya danganta da shi | Tallafi ne mai tsawo | Duka, keɓewa, gidan mari |
| Sulhu da kotu | Kaɗan zuwa matsakaici | Da sauƙi | Babu | Yana tsayar da cuta kawai | A mayar da ita, ramuwa |
| Mataimaki mai horo | Kyauta | Inda shiri yake | Matsakaici | Gajere | Shirin ya tsaya |

Wa ya dace da wace

Wanda ke tunanin kashe kansa, ko ya daina ci da barci kwana da kwanaki, ko yake jin muryoyi, ko yake faɗuwa da kumfa a baki, asibiti zai nufa yau, sauran duk su biyo baya. Haka wanda ƙwaya ta riga ta kama, domin yanke dayazifam ko tiramol kai tsaye yana iya kawo jijjiga.

Wadda har yanzu take cikin gidan da ake dukanta, matakinta na farko wurin sauka ne da mutum ɗaya a dangi da ya yarda da ita, sannan Hisba ko kotu. Tono abin da ya wuce ya jira.

Wadda ta riga ta fito, ko wanda abin ya faru yana yaro kuma yanzu yana cikin aminci amma aurensa ko aikinsa na lalacewa, zaman tattaunawa ne nasa, ko da zai sayar da akuya ya yi wata biyu a Sakkwato. Idan rashin barci ya hana shi ko zaman, a fara da magani a haɗa biyun.

Wanda ke ƙauyen da hanya ba ta biyuwa, ya haɗa abin da hannu ke kaiwa: amitiriftilin ko makamancinsa da takardar likita daga babban asibitin ƙaramar hukuma, malami mai saurare, da mataimaki mai horo idan akwai shiri a kusa. Ma'aikaci mai kuɗi da wayarsa, wanda tsoronsa a gan shi a asibiti, ya nemi ƙwararre mai jin Hausa ta waya.

Wanda kuma yake karanta wannan saboda ƙanwarsa ko matarsa ko amininsa, ya ajiye mata hanyoyin a gabanta ya bar ta ta zaɓa, ya biya kuɗin mota, ya raka ta, ya zauna a waje lokacin da take ciki. Kada ya ce mata biki za a je Sakkwato sannan ta tsinci kanta a ƙofar Kware.